Tohon Dabinon Ɗanmaliki

Ɗanmaliki yana can ƙololuwar dabino da wuƙa a baki, matarsa Turai tana ƙasa tana salati.

"Malam, ka sauko! Da furfurarka?"

Furfura! Mutumin da yunwar Kakalaba ta kwashe gidansu kaf ta bar shi? Wanda aka tura aikin dole na hanyar jirgi ya dawo da ƙafarsa? Duk Kurugu babu wanda ya isa ya hau masa dabino. Ya yanko tohon tsakiya wanda bai buɗe ba, miƙaƙƙe kamar mashi, ya sauko yana haki yana rantsuwa ba haki yake ba.

Baƙon da ake yi dominsa yana tsaye da hula a hannu. Nisimu ke nan, Bayahuden Tarabulus mai awon gyaɗa a Karaye. Idinsu zai kama da faɗuwar rana, kuma sai da tohon dabino a hannu suke addu'ar idin. Wanda aka aiko masa daga Kano ya karye a mota. Ya karɓi wannan ya duba tsininsa, fuskarsa ta washe.

"Baba, ko a garinmu ban ga irinsa ba. Nawa zan biya?"

"Biya? A ƙofar gidana?" Ɗanmaliki ya waiwayi maƙwabtan da suka taru kallo. "Ku gaya masa wane ne ni. Baƙo bai taɓa sayen ko ruwa a gidan nan ba. Ɗauki ka tafi."

Sai murnar Nisimu ta gushe. Ya miƙo tohon da hannu biyu.

"In kyauta ne, ba zan iya addu'a da shi ba."

"Au, kyautata ce take da datti?"

"Wallahi a'a, Baba. Malamanmu na ilmin ɓoye ne suka ce abin ibada in ya zo a banza, fanko ne, shaiɗan ke zama a cikinsa. Kuɗin mutum guminsa ne, guntun ransa ne. In na biya, raina na saka a ciki, sannan ya zama nawa in kai wa Ubangiji."

Muntaka mahauci ya tuntsire da dariya. "Yau Ɗanmaliki ya gamu da wanda ya fi shi taurin kai!"

"Rufe mana baki, mai sayar da ƙashi." Ɗanmaliki ya juyo wajen Nisimu. "To, taya. Ka ce anini, in ce na sallama, mu wuce wurin."

"Ba a tayawa, ba a neman ragi. Abin da mai kaya ya yanka shi ake biya." Nisimu ya kwance bakin jakar kuɗinsa ya riƙe ta a buɗe. "Ɗebi."

Rana ta fara karkata, ga Karaye da ɗan nisa. Ɗanmaliki ya tsaya yana tauna gemu. In ya ɗiba, gobe a kasuwa za a ce ya sayar wa baƙo ganye. In ya ƙi, bawan Allah zai shiga idi hannu wofi, kuma a bakin ƙofarsa aka hana shi.

Turai ta matso ta yi ƙasa da murya. "Malam, ragon layya da aka ba ka bara, ba cewa ka yi bai yi maka daɗi kamar na guminka ba?"

"Ni na ce?"

"Har sau nawa."

 Ɗanmaliki ya gyara tsayuwa ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku shaida! Dabinon Ɗanmaliki ba na arha ba ne!"

Ya runtse ido, ya zura hannu a jaka, ya damƙo iya abin da tafinsa ya ɗauka, kuma kowa ya san tafin nan kamar faifai yake. Mata suka riƙe baki. Shi kuwa Nisimu dariya ya kece da ita har da hawaye, ya rungume tohon kamar jariri, ya haye kekensa yana ta sa albarka da yarensu.

Ɗanmaliki bai buɗe hannun ba.

"Guntun ran mutum ba ya kwana a aljihuna. Muntaka, bunsurun nan naka da ke ɗaure, sadakar idin baƙona ne, yau unguwa za ta ci nama. Faɗi kuɗinsa."

Muntaka ya faɗi kuɗin da ko saniya sai ta ji kunya.

Bakin Ɗanmaliki ya buɗe da kansa zai nemi ragi, bakin da ya sa dillalan Rogo kuka. Turai ta yi gyaran murya. Ya sa hannun hagu ya toshe bakin, ya miƙa wa Muntaka na dama.