Takalman Masu Dubiya

"Kai, da wannan yagaggen takalmin ka zo duba ni?" in ji Baba Manaja, yana leƙen ƙafar ƙaninsa daga kan gado. "Tashi ka je shago, ka ce 'Yar Gaskiya kake nema."

Ni ce 'Yar Gaskiyar. Katanga ce ta raba gidanmu da nasa, kuma a ƙarƙashinsa nake aiki a shagon takalma. Shi ya laƙaba min sunan, don ba na iya ce wa mutum takalmi ya yi masa alhali yana matse shi.

Ciwo na kwantar da Baba, mai shago ya ɓullo da gasa: wanda ya fi ciniki a wata ya ɗauki firji, na ƙarshe ya kama gabansa. Tab! Mu da Baba ya saba mana da tafa wa juna ko igiyar takalmi aka sayar, sai ga mu muna wawason mai saye tun daga bakin ƙofa. Ni ce can ƙarshe, ga yara biyu a wuyana. Wallahi na tsorata.

Da na kai masa kuka, dariya ya yi har da tari.

"Mai shagon nan bai san mutane ba. Share hawayenki, 'yata, ni ma na shiga gasar."

"Daga kan gado, Baba?"

"Masu dubiya ba da ƙafa suke zuwa ba?"

Babu wanda ya tsira. Surukai, tsofaffin abokai, har mai zuwa yi masa allura sai da ta sha tsiya.

"Haba Malam, ka bar mutane su gaishe ka mana!" in ji matarsa.

"Su gaishe ni da sabon takalmi."

Wata ya ƙare ban ci firji ba, amma na tsira da aikina. Ɗan ƙanwar mai shago ne ya zo na ƙarshe, sai maganar kora ta bi iska. Na ruga na gaya wa Baba. Muryarsa ta riga ta tafi, sai ya lumshe ido yana murmushi. Washegari da hantsi ya cika.

Na fito daga ɗakin matarsa idona ya kumbura, na tsaya neman silifas ɗina. Takalman masu gaisuwa sun cika bakin ƙofa har tsakar gida, sababbi fil, wani ma ba a ɓare masa takardar farashi ba.