Muryar Mama a Fim ɗin Baba

Ubana finafinan banza ya yi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Jan fenti a matsayin jini, mata suna gudu da yagaggun riguna, wani ƙato da adda yana bin su. Mutane su cika sinima, su yi ta ihu, su fito su manta. Da ya mutu shi ma aka manta da shi, ni kuwa ban tuna wa kowa ba.

Kwatsam sai ga wani malamin jami'a mai gemu a shagon ɗinkina, yana ta sunkuyar da kai kamar ya zo ta'aziyya. Wai Baba gwani ne da mutanen zamaninsa ba su gane ba. Wai shi kaɗai ne ba ya tsayar da kyamara ko me ya faru, shi ya sa tsoron da ke fuskar 'yan wasansa na gaske ne. Na ce masa ai na sani, ƙunar hannun uwata ma ta gaske ce. A fim ɗinsa na ƙarshe aka cinna wa labule wuta, ta kama mata hannun riga, Baba ya ɗaga yatsa kada kowa ya matsa. Malamin ya ce ya ji labarin, har idonsa na ƙyalli. Saura ƙiris in jefe shi da almakashi.

Gwangwanayen da aka ajiye fim ɗin yake so, su gyara shi a jami'a. Suna ƙarƙashin gadon Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar Mama. Na nuna masa ƙofa, sai ya tsaya a bakinta ya ce injinsu yana gyara har sautin. A nan ya kama ni. Mama ta rasu ban ma shiga makaranta ba. Fuskarta na san ta a hoto, tabon hannunta ina tuna santsinsa a kumatuna, amma muryarta ta ɓace mini ɓat. Na girma, na haifi nawa, abin bai daina cina ba.

Gwaggo ta ce atafau ba za a taɓa su ba. Da farko wai ɓera ya cinye, daga baya wai a bar matattu su huta. Na ce mata ta saba rufa wa yayanta asiri, yanzu ma da ya zama ƙasa ba ta gaji ba. Na durƙusa na janyo gwangwanayen da kaina, duk tsatsa, suna warin tsami. Na kai wa malamin.

Ranar da aka gama gyara, da rana aka kira mu wani ɗaki mai baƙaƙen labule, ɗalibai sun cika kujeru. Gwaggo ta nace sai ta zo, ta zauna kusa da ni tana haki. Aka kunna majigi. Ga Mama a bango, siririya, riƙe da bokiti, ta juyo ta buɗe baki.

Muryar Gwaggo ce ta fito. Muryar da ta raine ni da rufe ƙofa, wanke kwano, wa ya aike ki. Ko cikin kasuwa na ji ta zan gane.

"Babanki cewa ya yi muryarta ba ta da ƙarfi, ba za ta sayar da fim ba," in ji Gwaggo, ba ta ko kalle ni ba. "Ni ya sa na ɗora tawa a kan komai."

Na zauna ina kallon bakin uwata yana motsi da maganar wata. Ɗalibai suna dariya a inda ba abin dariya. Sannan aka zo wurin labulen. Wuta ta hau hannun rigar, Mama ta kalli wanda ke bayan kyamara, ta ƙwalla wata ƙara doguwa da ta tsinke a tsakiya. Wasu a baya suka tafa.

Gwaggo ta damƙe gwiwata. "Wannan kam ba ni ba ce, 'yar nan. Ya sa na gwada, ya ce tata ta fi."

Da aka kunna fitila, malamin ya juyo da fara'arsa yana tambaya ko akwai wurin da nake so a maimaita mini. Na tsane shi, na tsani yaran da suka tafa, na tsani Baba a kabarinsa. Na ce ya mayar da wurin wutar.