Inda Kibiyoyin Suka Haɗu

Kamfanin jigilar kaya ya ɗauko Injiniya ta tsara masa manhajar raba wa direbobi aiki. Kafin ta taɓa kwamfuta sai ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya da tambaya: me ke jawo me? Kowace amsa ta yi mata da'ira a allo, ta ja kibiya daga sanadi zuwa sakamako. Taswirar tunani ke nan, da ita ake gano abin da mutane ke buƙata tun kafin su iya faɗa.

Allo kuwa bai san kara ba. Jinkirin lodi, rigimar direbobi, kayan da ke kwana a sito, duk kibiyoyin sun taru a da'ira guda: jiran mai rabon motoci. Mai rabon motocin nan kawunta ne. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, shi ya yi mata hanyar aikin, har ya ishi mutanen gareji da labarinta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Manaja ya tsaya gaban allon, ya ƙwanƙwasa da'irar da yatsa.

"Idan manhaja ta ɗauki wannan aikin, kujerar mai rabon ta tashi ke nan?"

Injiniya ta yi saurin cewa, "Ranka ya daɗe, taswirar ba ta kammala ba."

Ƙarya take yi, ga shi ba ta iya ta ba.

"To a kira shi ya duba," in ji Manaja. "Wa ya fi shi sanin aikin?"

Kawu ya shigo, ya sa tabarau, ya bi kibiyoyin a hankali har inda suka haɗu. Ya daɗe a wurin. Tsoro da kunya suka rufe ta. Addu'a take ya ce an yi kuskure, ko ya hau ta da faɗa, faɗan ma zai fi mata sauƙi.

"Akwai gyara," in ji shi.

Ya karɓi alƙalamin daga hannunta, ya ja sabuwar kibiya daga gyaran mota zuwa da'irarsa.

"Makanikai ma ni suke jira. Kin manta da su."

"Kawu, don Allah..."

"Sa shi a ciki, 'yar nan. In abin ya fito da giɓi, ba wanda zai ce tsoho ne ya ɓoye. Cewa za a yi ba ki iya aiki ba."

Ya mayar mata da alƙalamin, ya juya ya tambayi Manaja yaushe ake so ya miƙa makullan motocin.