Gishirin Gindin Momiji

Yatsansa ne ya tona masa asiri. Tokuji yana durƙushe a gindin bishiyar momiji, yana haƙa ramin da zai zuba takin lokacin sanyi kamar yadda matarsa Fumie ta saba yi kafin ciwo ya kwantar da ita, sai tsinin wani dutse ya yanke shi. Yankan bai taka kara ya karya ba, amma da ƙasa ta shiga sai ya ji raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono. Ya kai yatsan baki. Gishiri. Ya dangwali ƙasar ramin ya ɗanɗana, ya tofar, ya sake ɗanɗanawa. Saiwoyin da ya tono kuwa duk sun yi baƙi, suna marmashewa a hannunsa.

Ya zauna daɓas a ƙasa mai sanyi. Babu wanda zai tambaya daga ina gishirin ya fito. Shi ya zuba shi da hannunsa, har da sunkuyar da kai don girmamawa.

Tun da aka dawo da Fumie daga asibitin birnin Nagoya da shanyewar ɓarin jiki ya gaji al'adarta ta tara gishiri a 'yan faranti a bakin ƙofa, don kada sharri ya shigo gida. Ita faranti biyu take ajiyewa. Shi kuwa tsohon direban bas ne, bai iya yin abu rabi da rabi ba. Ya sa a ƙofar waje, ya sa a ta ciki, ya sa a kowace kusurwa ta ɗakinta, har makewayi bai tsira ba, kuma duk mako sai ya canza sabo. To, tsohon gishirin fa? Yadda Fumie take yi da nata bai taɓa lura ba, tambaya kuma ba halinsa ba ce. Shi dai ya ga gishirin da ya yi mako yana gadin matarsa bai cancanci a cusa shi a ledar shara tare da ƙayar kifi ba. Ya duba gidan kaf, bai ga wuri mai daraja kamar gindin momiji ba, wadda mahaifin Fumie ya dasa tun unguwar tana gonakin shinkafa. Shekara ta uku ke nan yana juye shi a wuri ɗaya, daga ɓangaren katanga.

Bishiyar nan ita ce abin kallon Fumie tun daga wayewar gari. An juya mata gado ya fuskanci ƙofar gilashi, maganarta ta koma kalma ɗaya ɗaya, amma ranar da ganye ya fara ja da kaka sai ka ga rabin fuskarta yana dariya. Shi ya sa hankalin Tokuji ya tashi bara, da bakin ganyen ya fara ƙonewa, babban reshen da ya tsallaka katanga kuma ya bushe ƙayau.

Ana cikin haka wata safiya ya hango maƙwabciyarsu Hisano tsaye a kan kujera, tana tuttular da bokiti ta saman katanga zuwa gindin bishiyar. Hisano gwauruwa ce, ƙawar Fumie tun suna amare, ita take zuwa kullum ta taje mata kai. Amma kuma ita ce ba ta gajiya da mitar ganyen momiji ya toshe mata indararo. Tokuji bai tsaya dogon tunani ba. Ya jira ranar fitar da shara, lokacin da matan layin suka taru, ya tare ta.

"Ke yanzu saboda ɗan ganye sai ki zuba wa bishiyar mara lafiya guba?"

"Ruwa ne, Direba."

"Ruwa? An ce miki an yanke mana famfo?"

Ta dubi matan, ta ajiye shararta, ta koma gida. Daga ranar gaisuwarta ta daina samun amsa a layin, ita ma ta ɗauke ƙafa daga gidansu. Da Fumie ta dame shi da tambaya, sai ya ce ciwon gwiwa ne ya hana Hisano fita.

Yanzu ga shi zaune da ƙasa a baki. Kunya ta rufe shi har ya ji kamar ya shige ramin da ya haƙa. Ya tashi ya wanke hannu ya leƙa ɗaki.

"Taki?" in ji Fumie.

"Ina kai, Maman Satoru."

"Hisano?"

Wannan tambayar kullum sai ta yi ta, kullum kuma amsar tana bakinsa. Yau ƙaryar ta ƙi fitowa. Ya gyara mata bargo wanda ba ya buƙatar gyara, ya ce zai je kanti.

Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki, ya sayo kwalin alewar wake mafi tsada a shagon bakin tasha. Tsakanin ƙofarsa da ta Hisano bai fi a miƙa hannu ba, amma sai da ya yi ta zagaya layin kamar bas ɗin da ba shi da fasinja, kafin ya iya danna ƙararrawa.

Ta buɗe, ta dube shi, ta dubi kwalin.

"Wa ya mutu?"

Ya sunkuya har kansa ya kusa taɓa gwiwa. "Na ɗanɗana ƙasar. Gishiri ne. Nawa ne."

"Au, ashe harshen naka yana da wani aiki ban da cin mutunci."

"Kin sani?"

"Daga tagar bene nake kallonka duk mako, kana juyewa kana rusunawa sai ka ce a wurin bauta. Ɗago, kada bayanka ya riƙe a ce shi ma ni ce."

Ya ɗago, amma ya kasa haɗa ido da ita. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"In ce maka me? In ce abin da kake tsare matarka da shi ne yake kashe mata bishiya? Ka daina sawa, gobe jikinta ya rikice, wa za ka kama? Ni dai na ce bari in riƙa bin bayanka da ruwa ko zai wanke. Sai ka tara mini mata. Reshe na biyu bayan na daina zuba ruwan ne ya bushe. Ka lura?"

Bai lura ba. Yanzu da ta faɗa sai lissafin ya fito masa sarai.

"Za ta rayu?"

"Ni na ce maka mai lambu ce? Ka kwashe ƙasar wajen, ka kawo sabuwa, ka yi ta ba ta ruwa. In bazara ta zo mu ga ko za ta yi toho."

"Zan faɗa a gaban matan, ranar shara."

"Za ka faɗa mana. Da ƙarfi kuma, yadda ka yi wancan." Ta karɓi kwalin ta ajiye, ta jawo mataji daga aljihun rigar aikinta, kamar dama can yana jira. "Matsa in wuce."

Da Fumie ta gan ta, hannunta mai lafiya ya hau bubbuga bargo. Ta yi ta kokawa da harshenta kafin kalmar ta fito.

"Gwiwa?"

Hisano ta waiwayo ta dubi Tokuji da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya sadda kai yana jiran abin da ya cancanta.

"Da sauƙi, ƙawata," in ji ta. "Tsufa ne kawai." Ta zauna a bakin gado ta fara warware gashin da ya cukurkuɗe, domin Tokuji bai taɓa iya tajewa da kyau ba.

Da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Yana shirin sulalewa waje sai Fumie ta nuna kusurwar ɗaki da haɓa, inda farantin gishiri ya yi ƙura.

"Canza."

Ya sunkuya ya ɗauka. Ya tsaya da shi a hannu, ƙafarsa da kanta ta juya wajen ƙofar lambu.

"Kicin, Direba," in ji Hisano, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ka buɗe famfo."

Yana tsaye a kicin, ruwa yana tafiya da gishirin a ɗan lokacin da bai kai na wanke kofi ba, ya jiyo muryar Fumie ta bayan bango, tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya don ƙawarta ta ji da kyau.

"Yana… ƙoƙari. Da… bishiyar."

"Ƙwarai kuwa," in ji Hisano.

Farantin ya daɗe da wankuwa, amma Tokuji bai rufe famfon ba, don kada su ji kukansa.