Batirin da Yake Mutuwa a Ƙofar Gida

Motar tana tashi a ko'ina, ban da gidana. Wannan ne ya fi ɗaure mini kai. In na ajiye ta a bakin asibitin da nake aikin jinya, ta yini a rana, ina murza makulli za ta amsa. Amma ta kwana a ƙofar gida, da safe sai in ji ƙat-ƙat-ƙat, fitilun gaban sitiyari su dishe, shi ke nan. Kuma ba kullum ba. Yau ta tashi, gobe ta ƙi, jibi ta tashi kamar ba ita ba.

Ta mijina ce, ya bar mini ita da aiki ya kai shi nesa. Ni iyakar sanina da mota shi ne mai da birki da madubi. A gidan daga ni sai yara sai Babana, wanda ya dawo wurina da zama bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Ƙanena na fara kira. Injiniya muke ce masa, domin duk abin da ya taɓa sai an nemo mai gyara. Ya ɗaga bonet, ya ɗauko sifana yana murmushi.

"Yaya, matsa ki ga aiki. Gitta wannan zan yi a kan kawunan batirin biyu. In ya yi tartsatsi, da sauran ransa."

Na riƙe hannunsa. Ban san batir ba, amma na taɓa wanke idon wani mutum da batir ya fashe masa a fuska, kuma ban manta ihunsa ba.

"Ajiye ƙarfen nan," na ce. "Tura za ka yi."

Ya tura yana ƙunƙuni, maƙwabta suka taya shi, motar ta yi tari ta tashi. Kai tsaye na wuce wurin mai wayarin da ke bayan gidan mai.

Mutum ne marar yawan magana, shagonsa cike da wayoyi masu launi-launi a rataye. Kafin ya taɓa komai sai da ya ce in kashe injin in zare makulli. Ya cire agogonsa da zobensa ya zuba a aljihu, ya sa tabarau da safar hannu, ya kori wani mai shan taba da ya matso kallo. Sannan ya dubi awarwaron da ke hannuna.

"Sista, in za ki leƙa, cire wannan. Ƙarfe da kan batir ba sa ga maciji."

Na cire. Ya ɗauko mita, ya ɗora jar waya a kan da ke da alamar tarawa, baƙar a ɗayan. Lamba ta fito, sha biyu da rabi. Ya ce in tayar. Lambar ta sauka kusa da goma, ta sake hawa har sha huɗu, ta tsaya.

"To, me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce lafiyarsa ƙalau. Ba sabo ba ne, amma bai mutu ba. Injin da ke yi masa caji ma yana aiki."

"To me ya sa ta ƙi tashi ɗazu?"

Ya nuna mini wani farin gari da ya taru a kawunan, ya ce wataƙila shi ne. Ya kwance wayar baƙin kan tukuna, sannan ta jan, ya goge su da buroshi, ya mayar ya ɗaure tam. Na tafi da murnata.

Ba a jima ba, wata safiya na sake jin ƙat-ƙat-ƙat.

Daga nan kowa ya zama bakanike. Mijina ya ce a waya in sayi sabon batir in huta. Injiniya ya rantse kik ne, wato abin da ke tayar da injin. Maƙwabciyata ta rage murya ta ce akwai masu musanya batir in mutane sun yi barci, su sa maka mataccen nasu, su dawo da naka daga baya. Na san maganar ba ta da kan gado, amma sai da na ɗiga jan farce a gefen batirin. Da safe ɗigon yana nan, motar kuma ta ƙi tashi. Baba da ke zaune a baranda ya ce, "Tsufa ne, 'yar nan. Kowa ya tsufa safiya wuya take masa."

Na koma wurin mai wayarin. Wannan karon ya ce zai duba ko wani abu ne yake shan wuta a ɓoye. Ya kashe komai, ya rufe ƙofofi, ya cire wayar baƙin kan, ya sa mitar a tsakani. Muka tsaya muna kallonta kamar masu jiran sakamakon gwajin jini. Ba ta nuna komai na a zo a gani ba. Ya leƙa but ɗin bayan motar ko fitilarsa tana kwana a kunne, ya ciro fis ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya sosa ƙeya.

"Sista, yau kin ɗaure ni. Nan lafiya, can ciwo. In na tashi aiki zan zo in gan ta inda take mutuwar."

Da yamma ina kicin na ji sallama. Na fito na same shi tsaye da mitarsa a hannu, fuskarsa wani iri.

"Sista, akwai mutum a motarki."

Nan take na tuna maganar maƙwabciyata. Muka lallaɓa. Ashe Baba ne a kujerar direba, ya kwantar da ita baya, hularsa a kan gwiwa. Rediyo na magana, fanka na hura masa iska, fitilar ciki a kunne tun da sauran rana. Makullin ajiya da nake rataye wa a bayan ƙofar falo yana jikin motar. Na ƙwanƙwasa gilashi, ya buɗe ido ba tare da wata damuwa ba.

"Baba, tun yaushe kake shiga nan?"

"In kin dawo kin shige kicin. Wata rana in zauna, wata rana a'a."

"To ai kai ne kake kashe batirin!"

Ya dube ni da mamaki na gaske. "Ni? Ban taɓa tayar da injin ba. Ko ɗigon manki ban ƙona ba. Me zan kashe?"

Mai wayarin ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani a hankali cewa rediyo da fanka daga batirin suke ci, kuma in injin ba ya aiki babu mai mayar masa. Ya ce tafiyata zuwa asibiti gajera ce, ba ta isa ta cika abin da aka sha. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To wutar ina take tafiya, tunda ƙofa a rufe take?" Mai wayarin ya dube ni, ya naɗe wayoyin mitarsa, ya yi mana sallama.

Bayan ya tafi na zagaya na shiga ɗaya kujerar.

"Baba, ga falo, ga ɗakinka, ga talabijin. Me ya kawo ka mota?"

Ya daɗe yana juya hularsa. "A cikin gida ina motsawa sai wani ya miƙe. Baba me kake so, Baba za ka sha ruwa, Baba kar ka faɗi. Nan kuwa babu mai tambayata komai."

Ni na hori yaran su riƙa yi masa hakan, ina ganin kulawa ce. Na miƙa hannu zan zare makullin, sai na tsaya. Maimakon haka na ce ya taka kuloci, na tabbata giya tana firi, na murza. Da ƙyar ta kama, amma ta kama.

"In za ka zauna, haka za a riƙa yi, a buɗe gilashi kuma. Ko in sayo maka rediyo taka."

"Yanzu kuma man fa?"

"Bar man, Baba."

Ya girgiza kai, alamar har yanzu lissafin bai fita masa ba. Sai ya ƙara muryar rediyon ya ɗaga mini yatsa in yi shiru, an fara labarai. Na zauna muka ji tare, har ƙaramar 'yata ta fito da gudu tana cewa abinci yana ƙonewa.