Gonar Abarci

"Kai, mijin banza! Ramin nan na gero ne ko na gafiya?"

Uwale ke nan a bayana, ƙoƙon iri a hannu, rana ta fara dukan ƙeya. Na dafa sungumi na juyo.

"Haba matata, baki ba haƙori amma cizo kamar kunama. Wa ya taɓa yi miki sara mai kyau irin wannan?"

"Mijina na gaske. Shi in ya sari ƙasa har godiya takan yi mishi. Tahi gaba, surutu ba ya cika rumbu."

Af! Na shigo da ku gona ban ko gaishe ku ba. Sannunku da zama, 'yan dandali. Ku matso, mai tabarma ya ba marar tabarma gefe, yau labarin maƙwabciyata zan ba ku. Ni ne Badaru. Wanda bai san ni ba ya san bakina.

Garinmu ɗan mitsitsi ne, can gefen Dakoro, 'yan gidaje sun kewaye rijiya guda mai zurhin da in ka leƙa sai kanka ya juya. Darnin kara ne ya raba gidanmu da na Uwale. Ba kakata ba ce ta jini, amma ita ta yanke mini cibi, tun ina rarrafe take kirana mijinta, ni kuma tun da na iya magana nake ramawa.

Cikin duk abin da ta haifa, Abarci kaɗai ya rage mata. Wani rani ya ɗora gishiri a jaki ya yi kudu, gulbin Maraɗi, ya ce kahin hadari ya taso ya dawo. Hadari ya taso, ya zuba, ya wuce. Haka wata damina, haka wata, har muka bar ƙirga. Fatake suka ce ya yi aure can, ya samu fadama. Uwale ba ta taɓa cewa ya ƙaura ba. In ka tambaye ta sai ta ce, "Shina cin rani." Rani mai tsawo ke nan.

To, ya bar gona. Kuma ba gonar wasa ba: tana dab da rijiya, ga gawo a tsakiya, duk rani Hilani a kanta suke kwana da shanunsu, taki ya ratsa ta har ƙasar ta yi duhu. Uwale ke shuka ta da kanta, sai bara ciwon ƙirji ya kwantar da ita, gonar ta kwana cikin sabara. Shi ya kawo mai gari Kalla ƙofarta, ina zaune ina shan hurarta.

"Uwale, kin san Isufu da ya sauka cikinmu. Yara gare shi birjik, ba shi da inda zai sa iri. In ruwan bana ya sauka gonar nan ba a binne ta ba, zan ba shi."

"In Abarci ya dawo fa, ya dawo ga mi?"

Kalla ya dubi ƙasa. "Ba ni na kafa al'adar ba, iya."

Al'adar kuwa ga ta. A garinmu sara na kowa ne, kana iya kiran maƙwabci ya yi maka da sungumi. Amma jefa iri da rufewa da diddige, wannan sai ɗan gida. Ƙafar da ta binne ita ke da gona. In da ni na rufe mata rami ko guda, an ce gonar ta hita hannun gidansu ke nan.

Da Kalla ya tahi na ce, "Sai mu jira ruwa, in yi sara, ki bi ni a hankali."

"Gobe za mu fara."

"Gobe? Cikin wannan bazara? Ko kurciya ta san ba a yi ruwa ba. In aka ɗan yi yayyahi ya tsaya, iri ya ruɓe, kin yi asara. Zabbi kuma su yi biki."

"Ka ji ni da yaro. Yau aka fara binne a busasshiyar ƙasa?" Ta yi tari har ta dafa bango. "Ruwa shina da lokacinshi, Badaru. Ni kuma ban san nawa ba."

Na tashi na je na wasa sungumi.

Haka muka shiga. Da sanyin sahe nakan wuce gaba, taku, sara, taku, sara, ita tana biye, ta ɗibi tsaba da yatsu ta jefa, ta tura ƙasa da diddige ta danna. Ranar farko har waƙa take yi mini ta zambo, wai angon da ba shi da ko akuya. Bayan nan waƙar ta ɗauke. Sai in kai ƙarshen layi in waiwayo in gan ta can tsakiya, ta tsaya, hannu a ƙugu, tana kallon kudu.

"Mi kike nema can? Wani saurayin kika yi?"

"Ƙura na gani."

"Guguwa ce, matata."

"Na sani," in ji ta. Amma ba ta bar kallo ba sai da ta watse.

Mun ci wajen rabi da wani abu, mun wuce gawo, ranar da na ji ƙoƙo ya faɗi. Na juyo na same ta durƙushe, tana tsince gero daga rairayi tsaba-tsaba, numfashinta kamar ana jan zuga-zugi. Na goya ta. Wallahi damin kara ya ɗara ta nauyi.

"Sauke ni, mutane za su gani."

"Su gani. Miji bai isa ya goyi matarshi ba?"

Ba ta sake taka gonar ba. Ran nan wasu Buzaye suka shayar da raƙuma a rijiyarmu za su kudu, na bi su har bayan gari ina roƙo: in kun isa gulbi ku nemi Abarci ɗan Uwale, mai tabo a gira, ku ce mishi in shina son ya ji muryar uwarshi ya taso. Madugun ya ce in Allah ya so. Ban san wane irin in Allah ya so ba ne.

Innata ke yi mata kunu, ni kuma aikina in jawo mata tabarma bakin ƙofa da la'asar, don ta ce cikin ɗaki ba ta ganin hanya. Wata rana ta ce, "Kai da ka taɓa bin babanka gulbin nan, yaya yake?"

Nan fa bakina ya samu abin yi. Na ce mata can itatuwa kafaɗa da kafaɗa suke, tsamiya ta riƙe kanya, kanya ta riƙe ɓaure, kana tahiya rana ba ta ganinka. Na ce ruwa ba a jan shi da sa da igiya, tona rairayi kake da hannu ya taso. Ga albasa, ga taba, ga alkama kore shar cikin tsakiyar rani. Ina cikin zuba sai na lura idonta na kan hanya.

"To wanda ya sha ruwa da tahin hannu," ta ce a hankali, "zai dawo jan guga?"

Kash. Bakin nan nawa.

"Ai ban gama ba! Sauro can kamar zabbi suke, biyu in suka kama ka sai su tashi da kai. Hurarsu kuma ruwa-ruwa, geronsu ba ɗanɗano. Duk mutanen gulbi ramammu ne, kullum suna kukan hurar arewa."

"Maƙaryaci." Ta yi 'yar dariya. "Shi Abarci da gaya yake son ta, kar a dama sosai. Shina ƙarami, in muna shuka, sai ya riƙa sa ƙafarshi cikin sawuna, wai shi ma ya rufe. In ce Abarci ka bar danne mini iri, ba zai tsiro ba. Bai ji." Ta gyara kallabi. "Ramukan da ka sara gaba, suna nan buɗe?"

"Suna nan."

"Kar ka taɓa su."

"Ni? Ina ruwana da gonar mutane."

"Badaru. Na san ka."

Da hantsi Uwale ta cika, ranar wata Laraba, ina rijiya ina jayayya da wani Bahillace kan wa ya riga sa guga. Innata ta zo ta tsaya, ba ta kira ni ba, ta dai tsaya. Na saki igiyar.

Kahin azahar mun kai ta. Da muka dawo na shiga gidan, tabarmar na nan bakin ƙofa inda na shimfiɗa jiya, ƙoƙon iri a rataye, an rufe shi da faifai.

Kwanakin da suka biyo, gabas ta fara haɗa gira. Iska mai ɗumi, ƙanshin ƙasa daga nesa, gawo ya soma zubar da ganye. Kalla ya ce maganarshi na nan: gonar da ba a ƙarasa ba, ba a binne ta ba. Isufu kuwa in ya gan ni sai ya sake hanya, shi ma bawan Allah kunya yake ji, amma yaranshi na can suna cin dilo, 'ya'yan anza da ake ci sai yunwa ta matsa.

Ni kuma kullum sai na tsinci kaina a bakin gonar. Ga ramuka buɗe, ga iri a rataye, ga diddige Allah ya ba ni har biyu. Da tsakar rana ba kowa a waje. In na rufe, in ce ta ƙarasa kahin ta kwanta, wa zai tona ya duba? To amma ko na yi, wa na yi wa? Mai gonar ma ban san ko saƙo ya same shi ba. Ku da kuke zaune kuna kallona, in ku ne, mi za ku yi? Ni dai na ɗauko ƙoƙon har sau biyu ina mayarwa.

Ranar da hadari ya yi baƙi sosai, wajen la'asar, sai ga mutum bisa jaki daga kudu. Ya yi ƙiba, ga riga mai shuni, ga takalma masu ado. Da ya matso na ga tabon gira.

"Salamu alaikum. Yaro, gidan Uwale har yanzu nan ne?"

"Gidan nan ne. Yaron kuma da ka bari ba wando, shi ne wannan."

"Badaru?" Ya sauko shina murmushi, ya leƙa ta kan darni. Ya ga tabarma ba kowa. Murmushin ya tsaya mishi a fuska, bai san inda zai kai shi ba.

Na raka shi kushewa. Ya daɗe a tsugune. Da ya tashi ya share ido da hannun riga ya ce, "Na kawo mata zane. Na zo in tahi da ita ne, can akwai masu magani." Ya dubi sama. "Gobe da asuba zan juya. Ruwa ya kusa, tawa gonar na jirana, ga iyali."

"Awo. Rani ya ƙare ke nan, za a koma cin wani." Na ji abin ya hito da zahi, ban janye ba. "Kahin ka juya zo ka ga wani abu. Ba nisa."

Na biya na ɗauko ƙoƙon, ya jawo jakinshi muka tahi. A hanya na faɗa mishi maganar Kalla da ta Isufu.

Iska ta share yawancin gonar, amma wajen gawo, inda taki ya kama ƙasa, sawun na nan. Ɗan diddige ƙarami, layi bayan layi. Daga farko a danne sosai. Can gaba ya zama sama-sama, ga jan ƙafa tsakanin rami da rami. Sannan wurin da gwiwa biyu suka sauka. Daga nan sai ramukana, baki buɗe, rairayi ya fara cika su.

Abarci ya bi layin ƙarshe a hankali har ya kai wurin gwiwar. Ya tsaya.

"Ita kaɗai?"

"Wa kake so ya taya ta? Ka manta garinku?"

"Mi ta ce?"

"Ta ce in ka dawo, ka dawo ga mi."

Aka yi rugumi can gabas. Ya tuɓe takalman nan masu ado, ya ajiye su gefe guda. Ya miƙo hannu, na ba shi ƙoƙon.

"Ramukan sun cike," ya ce. "Wuce gaba ka sake sarawa."

Na ruga na ɗauko sungumi. Taku, sara, taku, sara. Ina jin shi a bayana, tsaba na faɗawa, ƙasa na rufewa. Hannunshi ya manta, sai ya zuba da yawa, amma ƙafar ba ta manta ba. Kalla ya zo bakin gona ya tsaya, hannu a baya. Isufu ma ya zo, ya kalla, ya juya ya yi wajen dajin yamma da gatari a kafaɗa, neman inda zai sari sabuwar gona, yaranshi manya na biye.

Muna layin ƙarshe ɗigon farko ya faɗo mini a wuya.

"To an binne," na ce. "Saura noma. Ciyawa ba ta san mai gona shina gulbi ba."

Ya danna ramin ƙarshe, ya kife ƙoƙon, ya tahi gindin gawo inda jakin ke tsaye da kayanshi tun isowarsu. Ya kwance igiyar ciki, ya sauke taiki, ya cire akumari ya rataye a reshe. Jakin ya girgiza, ya shinshina ƙasa, ya durƙusa ya kama birgima cikin rairayi, ruwa na sauka a kanshi.