Kan Jirgin Malam Inusa

"Ku kama ta ƙasa! Kada wanda ya taɓa bututun nan!"

Malam Inusa ne ke magana daga kan tabarma, muryarsa da ƙyar take fita. Mu huɗu muka ɗaga muka ɗora a bayan mota muna nishi. Kan jirgin ƙasa ne ɗan ƙarami, tsawonsa kamu uku, amma ƙarfe zalla, ya fi buhun gero biyu nauyi. Maƙwabcina ne Malam Inusa. Shekara ashirin yana zuba wa jirgi kwal tsakanin Kano da Nguru. Da ya dawo Magariya sai ya ƙera nasa, wanda ke ci da gawayi, yana tafiya da tururi.

Motar Maina ɗan kasuwa muka samu aro, ta yini ɗaya tak, don washegari zai wuce Kano. Saude, matar Malam, ta roƙo ta don a kai mijinta gidan likita a Damagaram. Kwana tara ke nan ko kunu ba ya zama a cikinsa. Shi kuwa ya ce Dungas za a je, ya yi wa yaran lakwal, wato makarantar boko, alkawarin nuna musu jirgin tun bara.

"Malam, Dungas gabas take, likita arewa," in ji Maina. "Motata ba aljana ba ce."

"Likita ya sha ganin tsoho," in ji Malam. "Yaran nan ba su taɓa ganin jirgi ba."

Saude ta dube ni. "Harouna, kai yake jin maganarka."

Da na ce a sauke jirgin, da an sauke. Sai na juya na ɗauko igiya.

Malam ya sa muka tsiyaye ruwan tukunyar jirgin, muka tura jirgin daidai kan tayoyin baya, muka tokare ƙafafunsa da itace, muka ɗaure da igiyar rijiya.

"In kun shiga rairayi, Maina, kada ka yi wannan gudun naka na ɓarawon akuya," in ji Malam. Muka bar shi kan tabarmarsa muka tafi.

Sau biyu muna kafewa kafin mu isa. A filin lakwal muka shimfiɗa ɗan layin dogonsa, na hura wuta yadda Malam ya koya mini. Da jirgin ya yi kuka ya motsa, yara suka watse da gudu, sannan suka dawo suna ihu. Wata ƙarama ta tambaye ni ko yana cizo.

Bayan la'asar muka komo, muka tarar da tabarmi a ƙofar gida. Tun azahar Malam ya cika.

Wasu sun ce ko an tafi da shi likita, a hanya zai rasu. Mai yiwuwa. Har yau ina juya maganar, ban san ko biyayya na yi masa ba, ko kuwa tsoron musu da mai mutuwa ne ya rufe mini baki.

Ranar addu'ar uku Saude ta miƙo mini ruwa ta bayan zana.

"Jirgin ya tashi?" ta ce.

"Ya tashi."

Ta koma ciki. Daga baya na ji tsintsiyarta a tsakar gida.